Sun Kwashe Tsaba, Sun Bar Mana Dusa Mai Dafi



Duk ɗalibin da ya fito daga kudancin Kano ya san Ƙafin Maiyaki. A nan mu 'ya'yan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa kan rabu ranar da aka ba mu hutu, kowa ya rungumi jakarsa ya nemi motar garinsu. Wanda ya yi kudu zai wuce Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, ya shiga ƙasar Doguwa, har ya hango duwatsun Riruwai. To, a kan waɗannan duwatsu ne muke so mu yi magana yau, domin akwai wani bashi da aka ci da sunanmu a can, an kuwa daɗe ana yi mana rufa-rufa a kansa.

Idan aka ambaci sharar nukiliya a ɗakin karatu, nan da nan hankalinmu yakan tafi Amurka ko Rasha ko Japan, mu ɗauka masifa ce ta masu bama-bamai da manyan tashoshin lantarki, mu kuwa da ko fitilar kirki ba mu da ita babu ruwanmu. Wannan zato kuskure ne, kuma kuskure ne mai daɗi ga waɗanda ke cin moriyar jahilcinmu. Ƙasar da aka haƙi kuza a cikinta, aka wanke, aka tace, aka kwashe mai tsada aka watsar da saura, ta riga ta mallaki irin tata sharar ko da ba ta taɓa ganin tashar nukiliya ba. Abin da muke cewa a taƙaice shi ne: wanda ya ci ribar haƙa, shi ne tilas ya biya kuɗin binne dusar, kuma a karɓi kuɗin tun kafin ya sari ƙasa, domin tarihi ya nuna mana cewa idan aka jira sai ya gama, to, sai dai a bi ƙurar motarsa da kallo.

Mu fara da tarihi. Tun kafin Nasara ya san hanyar ƙasar Hausa, mutanen Riruwai suna haƙar kuza, suna narka ta, suna zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake na ɗauka zuwa kasuwar Kano da wasu kasuwanni masu nisa. Waɗannan tsinkayen kuza ne Turawan Kamfanin Neja suka gani a hannun 'yan kasuwa, suka bi sawu a farkon ƙarni na 20 har suka gano inda arzikin yake kwance. Daga nan kamfanonin Ingila suka mamaye tsaunin Jos da kewayensa, sana'ar narka kuza ta gargajiya ta mutu, jikokin masu ita suka koma lebura a ramin baƙo. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, aka riƙa ɗibar talakawan Arewa dubu-dubu ana kai su aikin tilas a ramukan kuza, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. A shekarun 1950 Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen fitar da kolombayit, ma'adinin da ake samu tare da kuza, wanda Amurka ta yi ta saye don ƙera injunan jiragen sama. A farkon shekarun nan na 1950 kuma masana duwatsu na Ingila suka yi nazarin dutsen kwarin Kaffo da ke Riruwai, saboda yana ɗauke da wani ma'adini mai yuraniyom a cikinsa. Ashe tun a wancan zamani masu mulki sun san abin da ke cikin duwatsunmu. Mu ne ba a gaya wa ba.

Bayan samun mulkin kai, a shekarun 1970, aka haƙa babban rami na ƙarƙashin ƙasa a Riruwai da hannun Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya, don fitar da kuza da tutiya. Aikin bai yi tsawon rai ba. A watan Oktoba na 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Landan, farashi ya faɗi warwas, kamfanoni suka naɗe tabarmarsu a duk faɗin ƙasar kuza. Talakawa masu diga da shebur da kwano suka gaji ramukan, suna tonon abin da manya suka raina don su ciyar da iyalinsu. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta.

To, mene ne dafin da ke cikin wannan dusa? Bari mu yi bayani a sauƙaƙe, domin ɗalibin Larabci ko na shari'a ya iya maimaita wa kakarsa. Akwai wasu sinadarai da Allah ya halitta ba su da natsuwa. Kullum ƙwayoyinsu suna farfashewa da kansu, suna fitar da wani tururi wanda ido ba ya gani, hanci ba ya shinshina, harshe ba ya ɗanɗana, amma yana ratsa jiki yana ɓata ƙwayoyin halitta. Yuraniyom yana cikinsu, haka toriyom da radiyom. Dutsen da ke haifar da kuza a ƙasarmu yakan haifi wasu ma'adinai masu nauyi tare da ita, irin su monazayit da zirkon, waɗanda ke ɗauke da toriyom da yuraniyom. Muddin suna warwatse cikin dutse, ƙarfinsu kaɗan ne, mutane sun zauna a kansu shekaru aru-aru. Amma idan aka fasa dutsen, aka niƙa, aka wanke, aka bi da maganaɗisu aka ware kuza da kolombayit, sai waɗannan masu nauyi su taru wuri guda a cikin baƙin yashin da aka zubar. Watau aikin tacewa shi ne ke tara dafin, kamar yadda mai dafa gishiri ke ƙafe ruwa har ɗan abin da ke ciki ya zama dunƙule.

Kada wani ya ce ai da daɗewa zai huce. Masana suna auna tsawon ran waɗannan sinadarai da lokacin da rabin ƙarfinsu ke ɗauka kafin ya ragu. Na radiyom shekara 1,600 ne. Na yuraniyom shekara biliyan 4 da rabi ne. Na toriyom kuwa shekara biliyan 14. Tun daga Bagauda har zuwa sarkin Kano na yau ba a cika ko rabin ran radiyom ba. Bugu da ƙari, radiyom yana haifar da wata iska mai suna radon, wadda ke taruwa a cikin rami ko ɗakin da ba ya samun iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa bayan taba sigari, radon na cikin manyan abubuwan da ke kawo sankarar huhu. Cutar kuwa ba ta zuwa da gaggawa. Takan yi shekara 10 ko 20 tana saƙa, har ranar da dattijo zai fara tari, a ce sanyi ne, ko a ce jifa ne, a kai shi wurin mai magani, ya mutu ba wanda ya rubuta dalili.

Wanda ke son ganin inda sakaci ke kai mutane, ya hau mota ya je Jos da Bukur. Ɗaruruwan kududdufan da kamfanoni suka bari suna nan, suna cin yara da dabbobi. Malaman kimiyya na jami'o'in ƙasar nan sun sha auna tulin yashin da ke bayan injunan tace kuza a can, suka tarar da tururinsa ya ninka na ƙasar gona sau da yawa. Sun kuma rubuta cewa mutane kan ɗebi wannan yashi su yi shafen ɗaki ko su buga bulo, saboda yana da laushi kuma ba a saye. Ku dubi girman wannan zalunci! Magidanci ya yi gumi ya gina wa amaryarsa ɗaki, ashe ya shafe bangon da abin da Bature ya sani sarai ba ya kusanta da 'ya'yansa. Riruwai kuwa 'yar gida ɗaya ce da Jos a wajen dutse, irin dutsen ɗaya ne, irin ma'adinan ɗaya ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ba sai an gaya maka abin da za ka yi da naka ba.

Mu ɗaga ido mu dubi arewa, wurin 'yan'uwanmu na Nijar. A Arlit, can cikin jihar Agadas, kamfanin Somaïr ya fara fitar da yuraniyom a 1971, kamfanin Cominak ya bi baya a 1978, dukansu a ƙarƙashin ikon kamfanin Faransa da aka sani da Cogema, daga baya Areva, daga baya Orano. Hausawa da yawa daga Maraɗi da Damagaram da Tawa sun ƙare ƙuruciyarsu a waɗannan ramuka tare da Buzaye. Yuraniyom ɗin ya haskaka biranen Faransa, alhali yawancin ƙauyukan Nijar suna kwana cikin duhu. A 2003 wata ƙungiyar masana mai zaman kanta daga Faransa, CRIIRAD, bisa gayyatar ƙungiyar 'yan garin mai suna Aghir In'man, ta tarar da tsofaffin ƙarafa masu tururi ana sayarwa a kasuwar Arlit, irin ƙarafan da maƙera ke saye su yi kayan gida. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta tarar da duwatsun rami masu tururi a titunan Akokan, inda yara ke wasa. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe Cominak, aka bar wajen tan miliyan 20 na dusar yuraniyom a fili, iskar hamada na bi ta kanta. Irin wannan dusa kuwa takan riƙe fiye da kashi 80 cikin 100 na tururin da ke cikin dutsen asali, domin yuraniyom kaɗai ake cirewa, radiyom da danginsa suna nan. Kamfanin ya ɗauki alkawarin lulluɓe tulin da laka da duwatsu kaurin mita 2. A 2025 gwamnatin Nijar ta ƙwace Somaïr ta mai da shi na ƙasa. Tuta ta canza a ƙofar kamfani, tulin dusa kuwa bai san an yi ba. Kowa ya gaji rami ya gaji shararsa.

Wani zai ce ai wannan yuraniyom ne tsantsa, mu kuwa kuza muke magana. To, ga misali daga ƙasar kuza. A Maleshiya, a garin Bukit Merah, an buɗe wata masana'anta a 1982 da hannun kamfanin Mitsubishi na Japan, tana tace monazayit daga dusar kuza, irin wadda ke zube a bayan gidajenmu. Aka riƙa jibge sharar toriyom kusa da mutane. Mazauna garin suka yi ta kukan sankarar jini a tsakanin yaransu, suka yi zanga-zanga, suka je kotu shekara da shekaru, har aka rufe masana'antar a 1994. Aikin kwashe sharar da binne ta cikin tsauni ya ci wajen dala miliyan 100. Abin lura a nan shi ne, monazayit ɗin da jiya ake zubarwa yau ya zama abin nema a duniya, saboda ma'adinan da ke cikinsa ana yin maganaɗisun motocin lantarki da wayoyin hannu da su. Ma'ana, masu saye za su ƙara kwararowa ƙasar kuza, su nemi baƙin yashin nan buhu-buhu, a tara shi a zaure da ɗakin ajiya, mata su sheƙe shi a tsakar gida, yara su kwanta a kan buhunan. Mun ga abin da niƙa dutse a cikin gida ya yi a Zamfara a 2010, sa'ad da gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Waccan guba daban ce, amma ƙofar da ta shigo ta ita ce dai wannan.

Akwai kuma wata hanya da sharar nukiliya ke bi ta shiga gidan talaka, watau hanyar gwangwan. Asibitoci suna amfani da ƙananan ƙwayoyi masu tururi don ƙona sankara, kamfanonin mai da masu gina hanya suna amfani da su don awo. Idan na'ura ta tsufa aka watsar da ita, ƙwayar tana nan da ranta. A watan Satumba na 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Barazil, wasu masu tsintar ƙarfe suka shiga wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka ɗauko kan wata na'ura, suka fasa, suka sayar wa mai gwangwan. Garin da ke ciki yana walƙiya shuɗi da dare, sai aka riƙa rarraba wa dangi don sha'awa. Mutum 4 suka mutu, har da yarinya 'yar shekara 6. An sami mutum 249 da abin ya taɓa, an kuwa auna mutum 112,000, an rushe gidaje an kwashe ƙasa. Ku tuna yawan ƙannenmu na kudancin Kano da ke tura baro suna jari-bola a birni da kudancin ƙasar nan, ku tuna tulin ƙarafan da ke shiga kasuwannin Kano kullum. Wa ya taɓa nuna musu alamar nan mai kunnuwa uku baƙi a kan rawaya, ya ce idan kun gan ta ku gudu?

Yanzu mu juya ga masu yi mana gardama, domin suna da yawa, wasunsu ma a ɗakin kwananmu suke.

Na farko yakan ce, ai ƙasa ce ta Allah, kakanninmu sun zauna a kanta lafiya. Gaskiya ne. Mu ma ba mu ce Riruwai ta zama Arlit ba, ba mu kuma ce kowa ya kwashe kayansa ya gudu ba. Wanda ya tsorata jama'a da ƙarya ya yi musu illa kamar wanda ya ɓoye musu gaskiya. Amma maciji ma halittar Allah ne, ba wanda ya ce don haka a tara su a buhu a ajiye ƙarƙashin gado. Kakanninmu ba su niƙa dutse da inji tan-tan ba, ba su kuma tace baƙin yashi suka jibge a bakin rafi ba.

Na biyu, wanda ya fi kowa ɗaga murya, shi ne mai cewa za mu kori masu zuba jari, alhali yunwa ta fi tururi saurin kisa. Mun san yunwa, ba a littafi muka karanta ta ba. Da kuɗin kuza aka biya wa wasunmu kuɗin makaranta, don haka ba mu da bakin da za mu ce a hana talaka haƙa. Tambayarmu ita ce: shekara fiye da 100 ana zuba jari a ƙasar kuza, ina arzikin? Ku je ku ƙirga asibitocin Doguwa, ku dubi hanyoyin ƙauyukanta da damina. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗan jari-hujjar da zai gudu saboda an ce ya rufe raminsa ya binne dusarsa, ai da ma ribarsa a cikin lafiyar 'ya'yanmu ya lissafa ta. Irin wannan baƙo, mu raka shi har Ƙafin Maiyaki mu sa shi a mota.

Na uku shi ne babban ma'aikaci mai cewa babu hujja, a kawo masa alƙaluma. Wannan ya fi ba mu haushi, domin shi ne ke riƙe da makullin ɗakin da alƙaluman suke. Malaman jami'o'inmu sun je Riruwai, sun ɗebi ƙasa da ruwan rijiya sun auna, sun buga sakamakon da Turanci a mujallun da ko mu ɗalibai sai mun sha wuya muke samu. Sun sami ƙarin girma a wurin aiki, madalla. Amma matar da ke ɗiban ruwa a rijiyar da aka auna, ita ce ta fi kowa haƙƙin sanin abin da aka gani, ko alheri ne ko akasinsa. Ilmin da aka ɗebo daga rijiyar talaka aka kai kabad, sata ce da rigar malanta.

Kada kuma ɗan birni ya ce wannan matsalar ƙauyawa ce. Ruwan saman da ya wanke duwatsun ƙasar Doguwa yana gangarowa ne cikin Kogin Kano, ya ratsa Falgore, ya taru a madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga Tiga ake shayar da shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura, daga kogin nan kuma ake tace ruwan famfo a Tamburawa. Ba mu ce ruwan Tiga ya gurɓace ba. Mun ce mai hankali yakan tsare bakin tulun da gidansa duka ke sha, ya kuma riƙa leƙawa a kai a kai.

Abin takaici, ba doka muka rasa ba, ba kuma masana ba. A 1988 aka gano cewa wasu 'yan kasuwar Italiya sun jibge dubban gangunan sharar masana'antu mai guba, wajen tan 4,000, a wani fili a garin Koko na jihar Bendel ta wancan lokaci, suna biyan mai filin dala 100 a wata. Wa ya tona asirin? Ɗaliban Nijeriya ne da ke karatu a Italiya suka rubuto wa jaridun gida wasiƙa. Gwamnati ta tilasta aka kwashe sharar, ta kafa doka mai lamba 42 ta 1988 a kan shara mai cutarwa, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A 1991 ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Bamako wadda ta haramta shigo da shara mai guba nahiyar, har da ta nukiliya. A 1995 aka yi dokar kare jama'a daga tururin nukiliya, hukumar da ke kula da ita ta fara aiki a 2001. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya gyara ƙasar da ya ɓata, ya zuba kuɗi a asusun gyaran muhalli, ya kuma ƙulla yarjejeniya da jama'ar wurin. A nan kusa da mu, a Zariya, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004, kuma a 2018 aka sauya masa makamashi, aka mai da tsohon, wajen kilo 1, ƙasar Sin cikin tsaro ba tare da ko ƙwarzane ba. To, ƙasar da ta iya wannan aiki mai wuya, me zai hana ta auna tulin yashi a Doguwa? Amsar a fili take. Wancan kilo ɗaya manyan ƙasashe ne ke tsoron kada ya faɗa hannun miyagu, shi ya sa aka yi rawar jiki. Wannan tuli kuwa talaka kaɗai yake yi wa barazana.

Adana irin tamu sharar ba tsafi ba ne. Ƙasar Finlan ta haƙa rami mai zurfin fiye da mita 400 cikin dutse don ajiye tokar tashoshinta har shekara 100,000, domin tata sharar mai zafi ce ƙwarai. Tamu ba ta kai nan ba, don haka maganinta ma bai kai nan tsada ba. Ana ware baƙin yashin da ya fi ƙarfi, a haƙa masa rami a kan tudu nesa da rafi da rijiya, a daɓe ƙasan da laka mai kauri don kada ruwa ya tsiyaya, a zuba, a rufe da laka da tsakuwa da ƙasa, a shuka ciyawa, a kafa alama, a sa wurin cikin taswira don kada jikoki su zo su yi gida ko gona a kai. Ana jiƙa dutse lokacin niƙa don ƙura ta kwanta. Ana buɗe wa rami kafar iska. Ga ma'aikaci kuwa ƙa'ida uku ce: ya rage daɗewa kusa da abin, ya nisance shi, ya sa shamaki tsakaninsu. Duk wannan bai fi ƙarfin ribar babbar mota 'yan ƙalilan ba.

Saboda haka muna kira da babbar murya a kan abubuwa biyar.

Na ɗaya, hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, tare da masanan Zariya da na Jami'ar Bayero, su auna kowane tulin dusa da kowace rijiya da ke kusa da wurin haƙa da wurin tacewa a Riruwai da kewayenta, da gidajen da aka shafe da yashin rami, a kuma riƙa auna ruwan da ke shiga Tiga kowace damina.

Na biyu, a fassara sakamakon da Hausa, a karanta a rediyo, a liƙa a ƙofar hakimi da dagaci da masallacin Juma'a.

Na uku, tun da gwamnatin tarayya ce ke ba da lasisin haƙa, kada ta ba kowa, baƙo ne ko ɗan gida, sai ya ajiye kuɗin rufe rami da binne dusa tukuna, kuma jama'ar wurin su san adadin. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi kada su sa hannu a ba da fili sai sun ga shaidar haka.

Na huɗu, a hana niƙa dutse da ajiye buhunan baƙin yashi a cikin gida, a gina wa masu ƙaramin ƙarfi wurin tacewa na haɗin gwiwa a bayan gari, domin hani ba tare da madadi ba cin zali ne.

Na biyar, a sa na'urar gano tururi a manyan kasuwannin gwangwan, a kuma riƙe rajistar kowace ƙwaya mai tururi da ke asibiti ko kamfani har ranar da za a mai da ita inda aka ƙera ta ko a kai ta ma'adana.

Daga ƙarshe, mu juya kan kanmu. Mu ɗalibai mun ƙware wajen zagin mulkin mallaka a dandalin taro, amma da yawa cikinmu burinsu bai wuce su gama su sami kujerar da ake sa hannu a lasisi ba. Gobe waninmu ne zai zama jami'in ma'adinai, waninmu jami'in lafiya, waninmu sakataren ƙaramar hukuma, kuma ranar nan wani mai babbar riga zai ajiye masa ambulan a kan tebur ya ce a bar kaza cikin gashinta. Ku tuna ɗaliban nan na Italiya ba su da bindiga, ba su da ofis, takarda da biro kawai suka mallaka. Wannan hutun, idan mun sauka a Ƙafin Maiyaki, mai karatun kimiyya ya roƙi malaminsa aron na'urar awo, mai karatun shari'a ya fassara wa dattawan garinsu dokar 2007, mai karatun Hausa ya rubuta bayanin da tsohuwa za ta gane, mu zana alamar nan mai kunnuwa uku mu nuna wa kowane yaro mai baro. Iyayenmu sun sayar da hatsi da awaki sun turo mu nan don mu zama idonsu. Allah ya sa kada mu koma musu da makanta.